Barandar Inna Kwalba

Jama'a, ku taya ni murna, na yi suna. Ni ɗin nan da kuka sani, mai gyaran fanka da rediyo, wanda ko a gidansa sai ya yi kira ya gaji kafin a miƙo masa ruwan sha, yau in na bi titi da baki ake nuna ni. Da safen nan a layin mai wata mata ta leƙo ta tagar motarta, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Wayyo Baba, ashe har babur gare ka?" Na ce aro na yi. To me zan ce mata? Mutumin da duniya ta riga ta yanke cewa a kan kwali yake kwana, ai bai kamata ya ba mutane kunya ba. Man dai ban samu ba, ana zuwa kaina aka ce ya ƙare, na turo babur ɗina gida ana ta yi mini sannu.

Bari in faro muku daga tushe.

A bakin layinmu akwai wani gini mai kyau, an rubuta a goshinsa da manyan baƙaƙe: Cibiyar Tallafa wa Marasa Galihu. Shekarun baya aka gina shi. Ranar buɗewa Mai Girma na wancan lokacin ya zo da jiniya, ya yanke ƙyalle, aka tafa, aka kwashe kujerun haya, aka danna wa ƙofa kwaɗo. Daga ranar ba a sake buɗewa ba. In ka leƙa ta taga za ka hango gadaje a jere, katifu a cikin ledarsu, gizo-gizo yana ta hidima. Masu sani sun ce cibiyar tana da ma'aikata, har ƙarin girma ake yi musu. Allah ya ƙara musu lafiya a duk inda suke.

Marar galihu ɗaya ce ta taɓa cin moriyar wurin, ita ce Inna Kwalba, kuma a baranda ta ci. Tsohuwa ce mai tsintar kwalabe da robobin ruwa, ta wanke ta sayar. Ba ta roƙo. In ka tambaye ta danginta sai ta ce, "Sun riga ni gaba, suna riƙe mini wuri," ta kwashe da dariya har ka ga ragowar haƙoranta. A barandar nan take shimfiɗa kwalinta, ta jera buhunanta. Kuma a faɗi gaskiya, ɗan kwangilar ya yi aiki a rufin, ko ɗigo ba ya yi. Duk duniya wannan rufin ne nata, ga shi damina ta kawo kai.

Ana nan sai ga masu bidiyo. Kun san su: waya a kan sanda, makirfo sanye da hular gashi, suna bin ƙarƙashin gada da bayan tasha suna cewa, "Baba, ba mu labarin rayuwarka." Maman yara ba ta da abin kallo sama da su. Ta zauna ta yi ta sharɓar kuka a kan waya, tukunya tana ƙonewa a bayanta. Su biyu suka zo, wata budurwa mai makirfo da wani mai kyamara wanda wandonsa ya fi na kowa a unguwar yagewa, wai haka ya saye shi. Suka ga Inna, suka ce gobe za su dawo su ɗauke ta.

Nan take unguwa ta ɗauka. An ce akwai wani tsoho da suka taɓa ɗauka, masu kallo suka haɗu suka kama masa ɗaki mai ƙofa da taga. Maman yara ta tara maƙwabta ta ce, "Duniya za ta kalli Inna, kuma mu bar ta ta fito da tsumma? A ce unguwar nan ba mutane?" Mai Wanki na layinmu ya ce sam, ba da shi ba. Ya ciro wani leshi da wata ta kawo guga tun bara ba ta waiwaye shi ba. Washegari aka kai Inna gidanmu, aka yi mata wanka da sabulu mai ƙamshi, aka rambaɗa mata kwalli, aka kafa mata ɗauri, wata ta ara mata jaka, wata 'yan kunne. Da ta fito, wallahi sai ka rantse uwar wani darakta ce.

Ni duk ban ga wannan ba, ina layin mai. Ranar ma haka aka yi, ban samu ba. A turmutsutsun bakin ƙofar gidan man rigata ta yage daga kafaɗa, silifas ɗina ya tsinke na ɗaure da leda, na turo babur cikin rana ina share gumi da hannun da na taɓa inji. Da na iso bakin layinmu a gajiye, na jingine babur a bayan gini, na zube a kan kwalin Inna ina haki. Ita kuwa tana zaune a kujerar da aka kawo mata, jaka a cinya, tana ƙamshi.

Masu bidiyo suka iso. Mai makirfo ta rusuna ta ce, "Sannu da hutawa, Hajiya. Don Allah ina tsohuwar da ke kwana a nan?"

Inna ta ce, "Ga ni, 'yata."

Mai kyamara ya dube ta daga ɗauri zuwa takalmi, ya dafe kai. "Wannan ba za ta yi ba. Wa zai yi kuka a kan wannan? Ai sai dai ita ta tallafa mana."

Suka roƙe ta ta je ta mayar da tsofaffin kayanta. Inna ta ƙanƙame leshi ta ce, "Ni da rabona da irin wannan tun ina da haƙora? Yau ko sama da ƙasa za su haɗe ba na cirewa." Suka ce to ta ɗan ɓata rai. Ta gwada, dariya ta ƙwace mata. Ta sake gwadawa, matan unguwa ma suka fashe. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ana cikin haka mai kyamara ya waiwayo ya gan ni, sai na ga idonsa ya yi haske kamar ya tsinci kuɗi.

Na so in ce musu ni da gidana, Allah ya sani na so. Amma ku yi mini adalci. Na daɗe ina rubuta ƙorafi a wannan shafi, ba mai karantawa sai ku da Mai Wanki, ga shi yau an kawo makirfo har bakina. Na gyara zama. Na nuna musu kwaɗon ƙofa, na kai su taga suka ɗauki gadaje, na yi bayani kan kwangila da jiniya da albashin waɗanda ba a taɓa gani ba. Mai makirfo ta tambaye ni, "Baba, rayuwa da wuya?" Na ce da wuya mana, na yi ajiyar zuciya. Mai kyamara ya ce, "Baba, a sake ajiyar zuciyar, mota ta wuce." Na sake, har ta fi ta farko kyau.

Da bidiyon ya fito, bayanin kwangila duk an yanke shi, saura kaɗan. Abin da ya rage shi ne kwaɗo, gadaje, silifas ɗina, da ajiyar zuciya, an bi su da wani kiɗa mai tsinka hanji. A ƙasa aka rubuta: Dattijon da ke kwana a ƙofar cibiyar da aka gina dominsa. Ni kaina da na kalla sai da na ji tausayin mutumin.

Kafin a ce kwabo abu ya zagaye duniya. Surukata ta bugo wa Maman yara waya tana salati, "Ashe korarsa kika yi? Haka na tarbiyyantar da ke?" Ƙanena ya aiko mini da tsofaffin rigunansa. Mutanen da suka kawo gyaran fanka suka zo suka karɓe kayansu, wai kada in sayar in ci abinci. Maman yara ta daina kallon bidiyo, ta koma kallona, kuma ba kallon tausayi ba.

A nan ne nake so in jinjina wa Masu Girma, domin masu cewa ba sa jin kukan talaka sun ji kunya. Ramin da ke tsakiyar titinmu ya girmi ɗana na fari, ba a taɓa leƙo shi ba, amma bidiyon nan bai gama yawo ba sai ga motoci. Aka yi wa cibiya fenti ciki da waje, wato wajen da kyamara ke iya gani. Aka sare ciyawa. Aka kewaye baranda da shingen ƙarfe mai tsini, aka ajiye mai gadi da kulki, don kada a sake samun wani ya kwanta a wurin ya zubar wa hukuma da mutunci. Buhunan Inna kuwa cikin ladabi aka ɗauke su aka ajiye mata a bakin kwata. An bar jaki ana dukan taiki, amma fa an dake shi da tsari.

Sannan Ranka Ya Daɗe Babban Darakta Mai Kula da Jin Ƙai da Sauran Abubuwa ya iso da nasa masu kyamarar. Aka aiko a zo da ni. Na sa wankakkiyar riga, wani hadiminsa ya ce in koma in sako waccan yagaggiyar. Na ja Daraktan gefe na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure aka yi. Ga mai wurin can a tsaye, ita ce ba ta da inda za ta kwana." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, kai duniya ta sani. In muka kawo wata fuska za a ce haɗa baki muka yi."

Aka nemi makullin kwaɗo aka rasa, aka fasa shi da guduma, aka tafa. Mai Girma ya shigar da ni, ya zaunar da ni a kan gado, leda tana ƙara a ƙarƙashina. Ya yafa mini bargo mai ɗauke da hotonsa, ya riƙe hannuna yana kallon kyamara, ya ce daga yau kukana ya ƙare. Ana kashe kyamara aka ce in fito. Aka kawo sabon kwaɗo, ya fi tsohon girma. Wai za a fara karɓar mutane da zarar kwamiti ya gama tantance wane ne marar galihu.

Na kai wa Inna bargon. Ta buɗe, ta ga fuska, ta ninke ta miƙo mini. "Ni da girmana in rufa da fuskar mijin wata?"

Mun ce ta zo ta raɓa a wurinmu. Mai gidan haya ya ce shi ma ya ga bidiyon, ya yi kuka sosai, amma gidansa ba cibiya ba ne. Na kira masu bidiyo na ce su dawo, yanzu Inna ta mayar da leshi, kuma ba sai an roƙe ta ta ɓata rai ba. Mai makirfo ta ce, "Ayya Baba, labarin baranda ya wuce, yanzu muna kan masu kwana a tasha." Garin neman gira mun rasa ido, kuma bakina ne ya tsokane shi. Abin yana cina, ba na ɓoye muku.

Ɗazu na same ta a jikin bangon shagon Mai Wanki, inda ba rufi, tana wanke kwalabe a bokiti. Don in faranta mata rai na tsuguna na nuna mata waya. Na ce, "Inna, dubi yawan mutanen da suka kalli barandarki." Ta goge hannu a zani, ta kawo ido kusa, tana bin 'yan fuskokin nan masu zubar da hawaye da aka jera a ƙasa.

Ta ce, "Duk waɗannan kuka suke yi?"

Na ce, "Dukansu, Inna."

"Allah sarki, bayin Allah," in ji ta. "To ɗan duba mini, ɗana. A cikinsu akwai mai baranda?"

Har yanzu ina dubawa. Na ga masu addu'a, na ga masu zagin Masu Girma, wani ma sunan kiɗan yake tambaya. Hadari kuma ya haɗo daga gabas, shi da alama ba zai jira kwamiti ba.