Rasuwar Mojileta, Mai Tashar Gindin Darbejiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Aƙilu direba, na gidan Hajiya Sa'adatu da ke Nasarawa GRA, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin tafiyarsa, Mojileta. Ya cika ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a gindin darbejiyar da ke ƙofar makarantar jikokin Hajiya. Ya rasu yana da shekara biyu da wata huɗu. Bai yi jinya ba, lafiyarsa ƙalau ya wayi gari. Mai sanarwa ba zai ɓoye wa kowa ba, a hannunsa marigayin ya cika, kuma hannun nasa ne sanadi.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ɗan ƙaramin abu ne baƙi, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, da ido guda ɗaya shuɗi. Ana cusa shi a ramin kunna taba na mota, a saka masa memori, shi kuma ya riƙa aika abin da ke ciki zuwa rediyon motar kamar wata tasha mai zaman kanta.

Ya zo gidan ne a lokacin da ake tsananin bukatarsa. Shekara goma sha tara Malam Aƙilu yana tara faya-fayan sidi, har suka cika jakar leda biyu. Akwai na kalangu, akwai na kukuma da garaya, akwai waƙoƙin noma na ƙasar Ringim inda aka haife shi, akwai wa'azi, akwai kuma guda uku na Indiya da yake cewa na matarsa Uwani ne. Sai Hajiya ta sauya motar kai yara makaranta, aka kawo wata da ba ta da bakin saka faifai sam, rediyo ce kawai. Wata biyu ya yi yana tuƙi yana sauraren mutane suna musu a kan siyasa, faya-fayansa suna ƙarƙashin gado.

Babbar 'yarsa ce ta lura. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ake kiranta Muhibba, kuma tana karatun aikin jinya. Da abin da ta samu a ƙunshin da take yi wa amare ta je kasuwar waya ta Farm Centre ta sayo marigayin. Asabar uku a jere tana ɗaukar jakar faya-fayan zuwa wajen kwamfutar makarantarsu, tana juye su ɗaya bayan ɗaya. Duk suka juyu sai guda. Wannan gudan muryar mahaifiyar Malam Aƙilu ce, tana waƙar daɓe da matan gidansu ranar da ake gyara ɗakin da zai saka amaryarsa. Daga kaset aka mayar da ita faifai, shi kuma ya taɓa mantawa da faifan a gaban mota rana ta lanƙwasa shi. Kwamfuta ta ƙi karɓa. Ya ce wa yarinyar ba komai, ya mayar da faifan cikin leda. Ashe ta ga fuskarsa.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa ƙorafin ramukan hanya ba. Da an tayar da mota sai ya buɗe shuɗin idonsa ya ce “tit, tit,” sannan wata mata da ke zaune a cikinsa ta yi gaisuwa da Turancin hanci wanda har yau ba a san me take cewa ba. Yana da 'yan halayensa. In an bi ta ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki na hanyar Hotoro sai tari ya sarƙe shi, “shhh, kirrr,” har sai an wuce. In an kashe mota kuma ba ya tuna inda ya tsaya, sai ya koma waƙar farko. Saboda haka Muhibba ta haddace waƙar farkon nan tsaf, domin kullum da safe tare suke fitowa daga unguwarsu ta Gama da mahaifinta, Hajiya kuma ta yarda yarinyar ta zauna a gaba a sauke ta a kwanar makarantarsu bayan an ajiye yara. Takan bi waƙar a hankali tana kallon taga, shi kuma ya yi kamar bai ji ba don kada ta daina.

Ɗaukakar marigayin ta zo ne a gindin darbejiya, inda direbobin gidajen GRA suke jeruwa tun ƙarfe ɗaya suna jiran a tashi yara. Wata rana Malam Fabian, mutumin Wusasa da ke tuƙa wani likita, yana murɗa rediyonsa yana neman labarai, sai ya faɗa kan kalangu a can ƙarshen layi inda babu kowace tasha. Ya fito yana leƙa motoci har ya gano mai ita. Tun daga ranar aka san muryar marigayin tana tsallaka mota huɗu, ta biyar kuma sai dai ta ji shuu. Direbobi suka fara rige-rigen fakin kusa da Malam Aƙilu. Yahaya, wanda layinsu ɗaya a Gama, ya sa masa suna Manaja. Kowa da abin da yake so a saka masa, Malam Fabian kuwa kullum sai ya roƙi na Indiyan nan, wai a taimaka a sa musu na Uwani. Shekara biyu ana haka. Duk wanda ya isa gindin bishiyar, kafin ya kashe inji ya riga ya murɗa rediyonsa zuwa tashar Manaja. Mai sanarwa ya fi kowa sanin wannan, kuma yana roƙon a riƙe shi a rai kafin a karanta abin da ke tafe.

Malam Aƙilu mutum ne mai fargaba. In Muhibba ta ƙara minti goma a hanya sai a same shi tsaye a bakin layi yana cewa iska yake sha. To wajen wata biyu ke nan ya lura tana shiga kicin ta turo ƙofa, ta kara waya a baki tana magana ƙasa-ƙasa, wani lokacin ta yi dariya, wani lokacin ta yi shiru ta sake farawa. In ya gifta sai ta kife wayar. Zuciyarsa ta zana masa wani yaro mai askin banza da babur, ta ba shi har da suna. Ya kai wa Uwani maganar, ta ce yarinyar nan ba ta taɓa ba su kunya ba, in abin ya dame shi ya kira ta ya tambaye ta. Ya ce to. Bai tambaya ba.

Ranar Talata da safe Muhibba tana wanka, wayarta tana caji a kan taga. Ya ɗauki allurar Uwani ya zaro memorin wayar, ya naɗe shi a takardar magani ya sa a aljihu. Yarinyar ta zauna kusa da shi har kwanar makarantarsu tana bin waƙar farko, abinta yana aljihunsa.

Da rana ya isa gindin darbejiya, ya gaisa da kowa sama-sama, ya ce kansa ke ciwo. Ya shiga mota ya ɗaga gilasai huɗu duka, ya danna makulli, ya waiga hagu da dama. A ransa ya rufe sirri ke nan. Sannan ya cire memorinsa ya saka nata. Marigayin ya ce “tit, tit,” ya yi aikin da aka saya shi don shi.

“Gwaji na sha ɗaya. Goggo, ki saurara ki gaya mini ko na gyara wurin nan.”

Muryar Muhibba ce, tana yi wa yayarsa da ke Ringim magana. Sai aka ji ana buga wani abu a hankali kamar murfin tukunya, ta ɗauko:

“Kwanta ƙasa, kwanta,
autana ne zai taka.”

Waƙar da ke cikin lanƙwasasshen faifan ce. Baiti bayan baiti take karɓowa daga bakin goggonta tana koyo, har da yadda tsohuwar take jan numfashi kafin amshi. Da ta kai ƙarshe ta yi dariya, ta ce kada Goggo ta gaya wa Baba, so take ranar Sallah ya tayar da mota kawai ya ji ta a waƙar farko, kuma ta san zai ce wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Mai sanarwa ya zauna riƙe da sitiyari, bai ga komai a gabansa ba. Da a nan ya tsayar, da laifinsa ɗaya ne. Ya bari na gaba ya shigo. Wannan karon babu waƙa, muryar ma ta sauya.

“Goggo, wallahi wani lokacin in Baba ya kalle ni sai in ji kamar na saci wani abu. Ni ban san me zan yi ya yarda da ni ba.”

A daidai nan ya ɗaga kai. Yahaya yana cikin motarsa baki buɗe, hannunsa da ke kiɗa a kan sitiyari ya tsaya a sama. Malam Fabian ya sunkuyar da kai yana laluben makunnin rediyonsa. Wasu biyu suna leƙowa ta gilashi.

Akwai madanni a jikin marigayin. Akwai makullin mota a kusa da gwiwar mai sanarwa. Ko ɗaya bai tuna da shi ba. Ya damƙi marigayin ya fizge shi ta gefe, aka ji ƙas, wuyansa ya rabu da gangar jiki, shuɗin idon ya mutu. Sautinsa na ƙarshe shi ne “shhh” a cikin mota biyar.

An garzaya da shi wajen wani mai gyaran rediyo a Badawa. Ya juya shi sau biyu ya ce irinsa suna nan cike da kwali, a sayi wani kawai. Mai sanarwa ya karɓi gawarsa ya fito.

Da yamma ya mayar da memorin inda ya ɗauko shi, amma Muhibba ta riga ta san ba ya nan tun safe, ta zaci faɗuwa ya yi. Ranar Laraba a wajen injin markaɗe matar Yahaya ta tare ta da fara'a a gaban mata, wai ashe zabiya gare su a layi ba su sani ba, ta kuma rera mata amshin. Ranar Alhamis da safe Muhibba ta kawo wa mahaifinta koko, ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum. Ba ta ɗaga kai ba ta ce:

“Baba, da ka tambaye ni da na faɗa maka. Ban taɓa yi maka ƙarya ba.”

Ya buɗe baki, sai ya ji yana tambayarta ko akwai sukari a kokon. Tun daga ranar adaidaita take hawa zuwa makaranta. Gaisuwa ba ta fasa ba, safe da yamma, kuma daga gaisuwar babu ƙari.

Marigayin ya bar memori guda mai waƙoƙi ɗari huɗu da 'yan kai, wanda yanzu ba shi da bakin magana. Ya bar jakar faya-fayai biyu, da direbobi da suka koma sauraren musun siyasa. Ya bar Uwani, wadda ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai ɗauke allurarta daga kan taga ta sauya mata wuri. Mai sanarwa yana shaida cewa marigayin bai taɓa cin amanar kowa ba. Abin da aka ba shi yake faɗa, ga duk wanda ya murɗo, kuma bai taɓa cewa zai yi wanin haka ba.

An riga an karɓi gaisuwar Malam Fabian, wanda ya zo har gida ya zauna a soro, ya ce tasa tsohuwar ma haka take jan numfashi in tana daɓe, ya ce kuma shi bai ji komai ba bayan waƙar. An gode masa. An je an sami Yahaya, an roƙe shi ya yi wa iyalinsa magana, an gaya masa in ana neman wanda za a yi wa dariya a layin ga Manaja nan. Sauran masu niyyar zuwa ta'aziyya an yafe musu. Wanda yake son yi wa mamacin alheri ya bar rera amshin nan.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, ba za a yi salla ba, mai sanarwa ya san iyakarsa. An naɗe marigayin a farin hankici, yana aljihun gaban mota. Mai ban ruwan fulawar Hajiya ya yarda zai tona masa rami a gindin mangwaron da ke bayan gareji. Ba a sa rana ba, domin wadda ta kawo shi gidan ita ke da ikon cewa a binne, kuma ba ta ce ba tukuna.

Da farko an yi niyyar manna wannan sanarwa a jikin darbejiya, sai aka tuna an riga an watsa abin da ya isa a gindinta. Saboda haka kwafi ɗaya aka rubuta. An ajiye shi a kan taga kusa da wayar, ba a taɓa wayar ba.

Motar tana barin gidan Hajiya ƙarfe bakwai saura kwata. Kujerar gaba ba kowa a kai. Direban zai tsaya duba taya na minti biyar ko goma, duk da tayoyin lafiyarsu ƙalau. In mai makokin ta zo, ba sai ta yi magana ba.