Ranar da Na Yi wa Bango Wa'azi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka damƙa mini lasifika a tsohuwar unguwar Madarunfa ba. Ko na so in manta, mutanen gari ba za su bar ni ba.

Unguwar ta daɗe tana mutuwa. Masu hali sun koma sabbin filaye, an bar tsofaffi da katangun laka, kowace damina sai wasu sun zube. Da wani furoje, wato shirin raya gari, ya zo da maganar gyara, aka kafa komite, aka ce ni ne zan haɗa kan masu unguwanni da magina da masu gidaje. Aka ba ni jile, 'yar rigar ma'aikata mai ƙyalli, da gwangwanin jan fenti, da lasifika. (Ni da ko a gida sai na yi magana sau uku ake jina.) Wallahi tun daga ranar tafiyata ta sake.

Aikinmu mai sauƙi ne: mu bi lungu-lungu, bangon da ke shirin faɗa wa mutane mu sa masa jan fenti, mai shi ya gyara kafin ruwa ya sauka. Amma ni ban tsaya ga fenti ba, kowane bango sai na yi masa wa'azi.

Can muka faɗa wani lungu da ban taɓa bi ba, jama'a na biye da mu. Ga wani bango ya yi ciki, ya tsage har ana hango rumbu. Na zabga masa fenti, na ɗaga lasifika.

"Jama'a, ku dubi abin kunya! Mai gidan nan ba ya da kowa ne?"

Mai unguwa ya ja hannun rigata, ya ce, "Shugaba, mu ƙara gaba."

Na ce a raina, ato, gidan wani nasa ne, alfarma yake nema. Na fizge hannuna.

"In ba ya da ɗa namiji, ai ya aurar da ɗiya! Ina surukinsa? Wane irin surukin banza ne zai ci tuwo ya yi barci, iyayen matarsa na kwana ƙarƙashin wannan?"

Mutane suka kwashe da dariya, wasu har da riƙe ciki. Na ɗauka maganata ce ta yi daɗi, na ƙara da cewa in da ni ne shi, ko kasuwa ba zan iya shiga ba.

Yanzu bari in kare kaina kaɗan. Duk wanda ya yi aure a ƙasar nan ya san yadda ake zuwa gidan surukai. Ta ƙofar gaba kake zuwa, ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa a zaure, idonka a ƙasa. Shekara da shekaru ina zuwa gidan nan, abin da na sani kawai tabarmar zaure da yatsun ƙafar Baba. Yaushe zan san bayansa?

Sai ga tsoho ya zagayo da sandarsa. Yatsun na fara ganewa.

Innalillahi! Ban san lokacin da na durƙusa a cikin lungu ba, jile da komai, ina ta laluben takalmi in cire. Na ce, "Baba, ina wuni," ashe lasifika na bakina. Unguwa duka ta ji gaisuwar.

Baba bai ko dube ni ba. Ya juya wajen mai unguwa, a natse.

"Mai unguwa, a gaya wa mai lasifika suruki ɗaya gare ni. A yi masa uzuri, aiki ya yi masa yawa. An ce shi ke gyaran gari."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Uwar 'ya'yana ta ajiye mini abinci, ta ce, "Ci, Baban Nana. Ai ka ce tuwo yake ci ya yi barci." Na kasa kai loma.

Washegari na yi hayar amalanken jaki, na kwaso ƙasa. Na naɗe wando na shiga kwaɓa da ƙafata, jama'a sun yi layi suna mini sannu da aiki. Da bangon ya tashi, Inna, wadda kunya ba ta taɓa barinta ta yi mini magana ba, ta aiko mini da fura a sabuwar ƙwarya. Nan na san an yafe mini, har na ji ƙwalla.

Abin mamaki, a makon nan surukan unguwa suka yi ta fitowa da amalanke, kowa na tsoron kar a zo bayan gidan nasa surukan da lasifika. Har yau tsofaffi na tare ni a hanya suna cewa, "Shugaba, yaushe za ka zo ka yi wa namu magana?"

Ina zuwa kam. Amma yanzu kafin in buɗe baki a kan kowane bango, sai na zagaya na ga ƙofar gidan tukuna.