Kangon da Ya Amsa Mini Sallama

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na wata safiyar Asabar, a ƙarshen damina. Na san lokacin daidai ne saboda na rubuta shi a kayena, wato littafin rubutuna, kamar yadda nake rubuta komai, har kuɗin kabu-kabu da launin sararin sama.

Ina shekara ta biyu a jami'a nan Maradi, ina karatun tsirrai. Mushenmu, wato malaminmu, ya ba mu aiki, kowa ya kawo hoto goma sha biyu da bayani, ranar Litinin. 'Yan ajinmu suka zaɓi kasuwa da lambuna, inda dole ka yi magana da mutane. Ni kuwa na zaɓi gine-ginen da aka watsar, ciyayi suka karɓe. Na gaya wa Mushe ina sha'awar yadda saiwa ke fasa bango. (Gaskiya ne, amma rabinta. Sauran rabin shi ne kango ba ya tambayarka 'yar gidan wa ce ke.)

Na riga na samu takwas. Akwai wani tsohon siton gyaɗa bayan Sabon Gari da tumfafiya ta tsiro a bakin tagarsa, da wani ɗakin famfo a Jiratawa wanda yaɗiya ta naɗe ƙofarsa har ba a ganin kwaɗon. Suna da kyau, amma ba wanda ya tsayar mini da numfashi. Shi ya sa na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, na sauka a gefen gari wajen da ƙasa ke gangarawa zuwa gulbi, inda ruwa ya kori mutane suka bar gidajen laka suna narkewa.

Can na gan shi.

Zaure ne, rufinsa ya rufta, cediya ta fito daga cikin bangon. Saiwoyinta sun sauko ta gefe biyu na ƙofar kamar yatsu, farare, masu kauri, sun kama lakar sun matse. Inda bangon ya tsage, saiwa ta bi tsagar ta cike ta. Na fi minti biyar a tsaye kafin in ɗaga salula in ɗauke shi hoto. Na karanta wannan abu a littattafai, na zana shi a jarrabawa, amma ban san haka yake da kwarjini ba.

Na shiga ba sallama. Mahaifiyata ta sha gaya mini ko kango ne a yi sallama, ba ka san wa ke ciki ba, mutum ko wanin mutum. Na tuna, har na buɗe baki, sai kunya ta kama ni kar wani mai wucewa ya ji ina gai da bango. (Ku duba fa, kunyar wanda ba ya nan ta hana ni gai da waɗanda ke nan.)

Tsakar gidan ta fi zauren. Duma ya hau kan ɗaki ɗaya da ya rage a tsaye, ya baje ganye, 'ya'yansa suna zaune a kan rufin kamar baƙin da aka yi wa shimfiɗa. Garafuni ya saƙa labule a kan rusasshen rumbu, jajayen 'ya'yansa sun fashe. Tafasa, rama, yakuwa, lalo, kowa ya kama wurinsa. Hasken rana yana ratso ganyen cediya yana sauka ɗigo-ɗigo, kurciyoyi biyu suna kiwo ba su ko kula ni ba. Sai na ji idona ya kawo ruwa.

Ina da wata ɗabi'a, in hannuna na kan hoto sai in kunna ɗaukar murya in riƙa faɗin abin da na gani da Hausa, daga baya in mayar Faransanci. Da yake na tabbata ni kaɗai ce, na saki murya irin wadda ba a taɓa ji daga bakina a aji ba.

"Hoto na goma. Babu alamar ɗan Adam. Daji ya ci gidan nan da yaƙi. A kiyasina, tsintsiya ta yi shekara ashirin ba ta taɓa ƙasar nan ba."

A ƙofar ɗakin na ga silifa guda biyu, tsofaffi, an ɗaure igiyar ɗaya da zare. A jere suke, kai da kai, ba ko ƙura. Na durƙusa na ɗauke su hoto, na ce, "Abin da masu gidan suka bari da za su gudu." Akwai buta a gefe, shuɗiya, tana ɓata mini tsari, sai na ɗauke ta na kai bayan rumbu. Da nauyinta, cike da ruwa. Na lura da nauyin, har na yi mamaki, amma ban tambayi kaina komai ba.

Ina son in samu duman daga sama, tsawona kuma bai kai ba. Sai na ga turmi. Na kife shi, na tattare zanena, na hau da takalmi.

Ina kai, ƙafa ɗaya a sama, aka ce daga bayana, a natse, "Wa'alaikumus salam."

Na juya. Bayan labulen garafunin nan, a inuwar rabin bango, wata tsohuwa ce zaune a tabarma da faifan zogale a cinya. Kusa da ita mata biyu, maƙwabtanta, suna ɓarar gyaɗa. Ɗaya ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Tun shigowata suna nan.

"Sauko mani daga turmi, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Shi muka daka da shi, mu da munka gudu."

Ban san yadda na sauko ba. Na zube ƙasa na jero gaisuwar safe da ta rana da ta yamma a haɗe. Mai mayafin ta ce, "Ke, shekara nawa kika ce? Ashirin? Kaka, ashe sharar da kika yi da asuba a mafarki ne."

Kaka ta ce, "Bar ta, malama ce, ta yi kiyasi. Ina butata?"

Na ɗauko butar na ajiye da hannu biyu. Hotunan da na ɗauka a gidan nan su ne mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka, kuma na san ba ni da haƙƙin ko ɗaya. Na ce, "Kaka, ki gafarce ni. In kin ce in goge, yanzu zan goge."

Ta tura mini faifan ta ce in taya ta tsinka. Na zauna ina tsinkar zogale, suna hirarsu. A nan na ji cewa da ruwa ya ci unguwar, 'ya'yanta sun yi mata ɗaki a Maradi, ta yi wata biyu ta dawo. Cediyar tsuntsu ya kawo, aka ce ta sare, ta ƙi, kuma duk bangon layin ya faɗi sai wanda itacen ya riƙe. Duman ita ta shuka. Ramar da yakuwar ita ta yafa. Garafunin ya zo da kansa, ta kafa masa sanda. Abin da na kira daji, ta san ranar tsirowar kowanne.

Daga ranar na koyi cewa mutum na iya sanin sunan Latin na ganye talatin, ya kasa gane ma'anar buta mai ruwa.

Da aka kira azahar na sake tambaya. Ta miƙo hannu, na ba ta salular. Ta kai ta kusa da ido, ta daɗe a kan hoton zauren, tana shafa gilashin da babban yatsa kamar za ta taɓa saiwar.

"Ashe haka yake daga waje," in ji ta. Ta miƙo mini. "Bar su. Kai ma malamin naku. Amma wurin da kinka ce daji ne ya yi, gyara. Ki ce Allah ne ya yi, ni kuma na ɗauko ma tsirran ruwa."