Ranar Da Fiza Ta Shiga Tanderu

Ko da zan manta kalar kayan da na sa ranar aurena, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwashi 'yan aji uku zuwa gidan surukata don mu gasa fiza. (A lokacin ba ta zama surukar tawa ba tukuna, kuma saura ƙiris ta fasa zama.)

Ni dai littattafan soyayya ne suka raine ni. A cikinsu na fara haɗuwa da fiza: saurayi ya fito daga mota mai baƙin gilashi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, ya miƙa wa budurwa wani faffaɗan kwali yana murmushi. Ban taɓa ɗanɗana ta ba, amma na kalli yadda ake yin ta a waya har na haddace. A shimfiɗa kwaɓin fulawa, a shafa miyar tumatir, a jera nama da kayan lambu a kai, a gasa. Nawa saurayin, Kabiru, a babur yake zuwa daga gonar shinkafarsa ta Auyo, wandonsa duk taɓo, tsarabarsa bandar kifi. Ina son sa har raina, amma kwalin nan ya tsaya min a wuya.

Ina koyarwa a wata ƙaramar firamare a nan Haɗeja. Da shugabar makaranta ta ce kowace malama ta kawo abin da za a yi wa yara a bikin ƙarshen zango, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

"Ranar Fiza, Malama Babba. Kowane yaro ya yi tasa da hannunsa."

Ta dube ni ta saman tabarau. "A ina za ki gasa? Murhu kawai gare mu." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai in roƙi Hajiya Sabuwa ta ara mana tanderunta."

Hajiya Sabuwa ita ce mai gurasar da rabin masu tsiren garin nan suke sara, kuma ita ce mahaifiyar Kabiru. Ya riga ya faɗa min cewa ba za a tura magabata gidanmu ba sai ta ga yarinyar da idonta ta amince. Maimakon in tsorata in janye, sai na hango kaina cikin farar riga ina fito da fiza mai tururi, Hajiya tana share hawaye tana cewa, "Ina aka samo wannan?" (Allah Ya shirye ni.)

Ranar kuwa ta fara da kyau, kyan da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiyar tsakar gidan Hajiya, yara suna sanye da hulunan takarda irin na masu girkin otal, wasu sun zazzago har hanci. Aka yi tseren ɗaukar tumatir a cokali, aka yi langa, sannan aka wanke hannu na ba kowa curin kwaɓinsa. Tattasai da albasa da attaruhu ɗanyu shar daga fadama, ga kifin Kabiru an marmashe a kwano. Wallahi ban san yaran nan suna da wannan basira ba. Wani ya yi kwalekwale da matuƙinsa, wata ta yi agwagwar ruwa. Wata 'yar ƙarama mai suna Hanifa ta yi fuskar babanta, ido na albasa, gemu na kifi, ta kuma cika masa baki da attaruhu wai don yana da faɗa. Na tsaya ina kallon su kamar in yi kuka don daɗi.

Matsalar ɗaya ce. Hajiya tana zaune a gindin tanderu, ni kuwa tun da na durƙusa na gaishe ta daga nesa na ja mayafi na rufe rabin fuska, ban sake duban wajen ba. Wa zai je ya tsaya a kan uwar saurayinsa yana leƙe-leƙe? A zatona tanderu ɗaki ne ɗan ƙarami mai daɓe, a ajiye abu a rufe. Na ci gurasa tun ina yaye, amma ban taɓa tambayar a ina take kwana ba.

Aka kai wa Hajiya fizar Hanifa a faranti. Ta daɗe tana juya ta. Ita ma kunyar ta hana ta yi min magana kai tsaye, sai ta juya wajen shugaba.

"Malama Babba, tambayar min 'yar taki. Haka ake sa shi, da kayansa duka?"

Ina kallon yatsun ƙafata na ce, "Eh, haka ne."

"To, bismillahi."

Na ji ƙarar "ɗaf!" Sai "cuuu!" Kafin in ɗago, wani farin hayaƙi ya turnuƙe gidan. Duk wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin attaruhu a kan garwashi ya san abin da nake nufi. Yara suka watse suna tari da atishawa, huluna na tashi sama, shugaba ta yar da tabarau ta nufi randa, akuyar gidan ta tsinke igiya. Daidai lokacin Kabiru ya yi sallama, waya a hannu zai ɗauki hoton bajintata. Hanifa kuwa ta ƙwalla ƙara:

"Anti! Babana ya faɗa wuta!"

Na so ƙasa ta tsage. Tari ya taso min har maƙogwaro, na danne shi, don ban ga yadda zan yi tari a gaban Hajiya ba bayan wannan ta'asa. Hawaye kawai ke zuba.

Da hayaƙin ya lafa sai na ji dariya. Hajiya ce, tana yi tana tari tana dukan cinya. "Ke 'yar nan, zo nan. Matso ki leƙa."

Na matsa na leƙa. Ashe wata ƙatuwar tukunyar ƙasa ce a tsaye, bakinta a sama, garwashi a can ƙasa ja wur, cikinta yana haske kamar rana za ta faɗi a kan kogi. A jikin bango ake manna gurasa, a tsaye! Ga kwaɓin Hanifa can a maƙale tsirara yana kumbura, baba kuwa ya daɗe da zama toka. Ina kallo Hajiya ta jiƙa hannu ta zura shi har kafaɗa cikin wannan wuta ta ɓamɓaro shi, ko gezau ba ta yi ba. Ban taɓa karanta jarumar da ta kai ta ba.

"Na so in ce miki ba zai zauna ba," in ji ta, "sai na ce kada in kunyata ki gaban ɗalibanki. Na ce ƙila Turawa sun gano wata dabara."

Muka sa yara suka kwashe kayan adonsu, aka gasa kwaɓin zalla, sannan kowa ya mayar da zanensa a kai. Hajiya ta barbaɗa garin ƙuli, ta yaryaɗa man gyaɗa. Hanifa ta sake gina babanta ta cinye shi tas. Shugaba ta gutsura, ta tauna, ta dube ni.

"Malama, wannan ai gurasa bandashe ce."

Hajiya ta nuna ni da haɓa tana magana da shugaba, amma da ƙarfin da Kabiru zai ji daga zaure. "Kin lura? Duk gidan nan har akuya ta yi tari, ban da ita. Yarinyar da za ta haɗiye hayaƙin attaruhu saboda kunyata, ai sai a gaya wa baffan Kabiru ya sa rana."

A nan tarin da na danne ya ƙwace, na yi ta yi har sai da surukar tawa ta bubbuga min baya.

Kunya dai ta samo min miji, ban musa ba. Amma tun daga ranar, in babba ya tambaye ni "Haka ake yi?", sai na ɗaga kai na leƙa inda za a sa abin kafin in ce eh.