Tabarmin Hammu da Duwatsun Sama

"Ni ne Hammu! Bana na daina bin hamada ina tsince-tsince kamar kaza. Har kan tabarmata sama za ta kawo mini."

Haka gogan ya faɗa a wurin mai shayi a Arfud, yana murza gashin baki. Ka san garinmu, kowa da maganaɗisu a aljihu, saboda baƙin dutsen da ke faɗowa daga sama da shi ake gane shi, baƙi kuwa rububin sayensa suke yi. Shekara ashirin Hammu yana nema, tsohuwar ƙusa kaɗai ya taɓa tsinta.

Abin da ya kunna shi, Si Larbi malamin makaranta ne ya ce akwai wani tauraro mai wutsiya da ke zagayowa duk shekara shida da 'yan watanni, yana barin ɓurɓushi a hanyarsa. Ranar Laraba bayan magariba duniya za ta ratsa wurin, taurari su yi ta zuba.

"Zuba!" Hammu ya yi zumbur.

"Tsaya, Si Hammu, ƙura ce fa. Ko ƙwayar gero ba ta kai ba, tun a sama take ƙonewa."

"Malam, kai karatu ka sani. Ina ka taɓa ganin an yi ruwa ƙasa ba ta jiƙe ba?"

Lokacin shanyar dabino ne. Ranar Laraba Hammu, Sarkin Cika-baki, ya zagaya wurin shanyarsa ya zazzage amfanin shekara guda a ƙasa, ya naɗe tabarmi.

"Maigida, abincinmu ke nan har baɗi," in ji matarsa Ittu. "Yau ina gidan biki, wa zai kori awaki?"

"Ke dai tanadi buhu."

Kada in yi maka ƙarya, mu goma sha biyu muka bi shi da bargunanmu zuwa filin da ya shimfiɗa tabarmin. Ni har tukunya na kifa a ka, gudun rotse. Taurari kuwa sun zuba, gwanin kyau, amma ko tsakuwa ba ta taɓa ƙasa ba. Muka yi ta sakin baki har barci ya kwashe mu.

Da safe ihun Hammu ya tashe mu. Ga wasu baƙaƙen 'yan ƙwallaye birjik a tabarma! Ya kara maganaɗisu, shiru.

"Allahu akbar! Wanda ba ya kamawa ai shi ne na duniyar wata, ya fi tsada!"

Muka hau wawaso. Shi kuwa ya ɗauki ɗaya ya lasa, yadda masana ke jiƙa dutse don ganin launinsa. Daidai nan Ittu ta iso, hannu a ƙugu.

"Yaya ka ji ɗanɗanon sama, Maigida?"

Ya sake lasa, ya lumshe ido. "Ikon Allah, kamar dabino-dabino."

"Dole ka ji dabino, ai naka ne. Jiya awakin unguwa suka cinye shi tas, suka biyo ƙamshin tabarma suka kawo maka rabonka."