Rasuwar Mailafiya, Kwamfutar Modu ta Mandawari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Modu Ibrahim, mai tace bidiyon biki da suna a unguwar Mandawari, yana sanar da abokan sana'a da abokan gem, wato wasan kwamfuta, rasuwar kwamfutarsa, Mailafiya. Ta cika ranar Litinin tsakanin la'asar da magariba, a shagonsa da ke jikin zauren gidan kakansa, marigayi Malam Isyaku mai rubutun Alƙur'ani. Ana roƙon duk wanda sanarwar nan ta isa gare shi ya karanta a zuci, ya kuma kama bakinsa. Kada labarin ya ƙetare zaure ya shiga cikin gida.

Marigayiya ba 'yar kamfani ɗaya ba ce. Gaɓa-gaɓa Modu ya tattaro ta, yau babban allon ciki, wani watan furosesa, har ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, guda biyu da ya yi ta zirga-zirga a kansu sai da masu Adaidaita Sahu na layin suka san shi da suna. Ya yi bincike, wannan kam a yaba masa. Babu wanda ya kai shi sanin wace gaɓa ce ke zama lafiya da wace, kuma abokansa ba sa sayen ko fanka sai sun ji ta bakinsa.

Ranar da zai kammala haɗa ta, a shagon Tanko mai kayan kwamfuta, hanya biyu ce ta rage masa. Ta farko, ya ɗauki madaidaicin katin hoto, ya haɗa da akwatin wuta mai inganci, wanda shi ke raba wa kowace gaɓa abincinta, sannan ya ƙara faifan ajiya na biyu domin kowane aiki ya samu kwafi. Ta biyu kuwa, ya rungumi wani ƙaton katin hoto mai fanka uku da fitilu masu sauya launi, ya lallaɓa da wani akwatin wuta marar asali, wanda ko sunan ƙasar da aka ƙera shi babu a jikinsa. Tanko ya jera su a kan tebur, ya ce ko wanne ya ɗauka kwamfutar za ta tashi, ya ci gaba da cin ɗanwakensa. Modu ya tsaya ya gaya wa kansa cewa tace bidiyo na buƙatar babban kati. Gaskiya ne, ba ƙarya ba, amma abin da idonsa ke hangowa a lokacin motocin tsere ne suna sheƙa gudu a allo babu ƙyaƙƙyaftawa. Faifai na biyu ya ce sai wata mai zuwa. Har yau ba a ga jinjirin wannan wata ba.

A halin rayuwarta, Mailafiya mai haƙuri ce da juriya. Ta ɗauki bidiyon kamu da na ɗaurin aure masu nauyi ba ta taɓa yin tsaki ba. Ta gyara hasken angwayen da rana ta ƙone wa fuska, ta rufa asirin masu ɗaukar hoton da hannunsu ke rawa. In aka taɓa ta da safe sai ta ce "ɗit", sau ɗaya tak, kamar mai amsa sallama, fankokinta su ɗauki "fuuu". In aiki ya yi aiki muryar ta koma "wuuu", gilashin jikinta ya yi ja, ya yi shuɗi, ya yi kore, yaran layi su taru a ƙofa suna leƙe.

Amma a watannin ƙarshe wata murya ce aka fi ji daga bakinta. Kafin Malam Isyaku ya kwanta ciwon ajali, Modu ya taɓa girka masa kyamara a zaure, ya sa shi ba da labarin tasowarsa daga Borno da alƙalamansa a cikin gafaka. Malam bai taɓa yarda a ɗauke shi ba sai wannan karo. Modu ya juye hoton a cikin Mailafiya, ya goge memorin kyamarar don ya ɗauki wani biki a Dukawuya. Da Malam ya rasu, Modu ya durƙusa gaban kakarsa, Hajiya Yagana, ya yi mata alkawarin da babu wanda ya tilasta masa: ranar da za ta fita takaba, idan dangi sun zo daga Maiduguri an yi addu'a, zai haska mata Malam a bangon tsakar gida. Ranar ita ce Juma'ar nan mai zuwa. Kuma a duk faɗin duniya, wannan hoto ba shi da wani gida sai cikin marigayiya.

Mai tace bidiyo maimaici ne aikinsa. Modu ba ya son abin toshe kunne saboda zafi, don haka a sifika yake aiki. Kullum sai Mailafiya ta yi gyaran murya, ta yi ɗan tari, ta ce, "To, a ina muka tsaya? Yauwa, ranar da na fara ganin Yagana, faɗa take yi da mai itace." Sai dariya. Modu ya mayar baya, ta sake tarin, ta sake faɗa. A ƙarshe tarin ya dame shi, ya yanke shi ya yar.

Ciwonta bai zo a ɓoye ba. Ta fara da ɗauke numfashi in gem ya yi nauyi, ta mutu ta farfaɗo da kanta. Wani lokaci a ji ɗan ƙauri daga bayanta. Modu ya san sarai akwatin wutar ne ke gazawa da cin babban katin, amma ya ce zafin gari ne, ya juya mata fankar ƙasa. Ranar Litinin, ya kusa kai ƙarshen aikin Malam, ya ce bari ya huta da tsere ɗaya. Motarsa tana shan kwana, marigayiya ta ce "fas". Fitilu suka ɗauke, fankoki suka yi juyi na ƙarshe suka tsaya, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Ya danna, ya sake dannawa, ya canza soket, ya hura mata iska da baki kamar mai tada garwashi. Bai ji "ɗit" ba.

Ta rasu ta bar katin hoto mai fanka uku, lafiyarsa ƙalau, ko kunya babu. Ta bar tagwayen ram, da kibod da linzami waɗanda suka zama marayu, da allo da ya zuba wa Modu baƙin ido yana nuna masa fuskarsa. Ta kuma bar faifan ajiya guda ɗaya tilo, wanda babu mai iya cewa yana cikin masu rai ko ya bi ta. Modu ya ciro shi ya kara a kunne, ya mayar. Tun ranar tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ɗauki Malam zuwa makwancinsa, domin ranar ba shi da hannu a ciki.

Abin da ya kwantar masa da hankali kaɗan shi ne Hajiya tana ɗaka, ba ta fitowa, ba ta san kwamfuta ba balle ciwonta. A nan ma lissafinsa ya kuskure. Ya manta cewa bangon shagonsa shi ne bangon ɗakinta, kuma akwai 'yar taga can sama da aka toshe da kwali.

Jiya da hantsi ta aiko ƙanwarsa Bahijja ta kira shi. Ya shiga, ya durƙusa a bakin ƙofa. Sai ya ga an janye dardumarta daga gefen gado, an shimfiɗa ta a gindin wancan bango, har wurin ya yi shatin zama. Tun rasuwar Malam ba ta tsokane shi irin na kaka da jika ba, sai jiya.

"Maigida ƙarami," ta ce, "kwana biyu ban ji babban ba. Lafiya dai?"

Ya ce injin ne ya ɗan gaji. Ta gyaɗa kai, ta ja carbinta.

"To, ka bar shi ya huta. Amma in ya tashi, ka mayar masa da tarinsa da ka cire. Haka yake magana."

Modu ya ce to. Bai san yadda aka yi ya kai zaure ba.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Gobe da safe za a naɗe marigayiya a tsohon bargo, a fitar da ita a hannu ba tare da an buga ta da ƙofa ba, a sa ta a Adaidaita Sahu zuwa shagon Tanko. Ba za a yi mata sutura ba sai an ciro faifan an jona shi a jikin wata kwamfutar, an saurara. Katin mai fanka uku zai zauna can a madadin kuɗin aikin ceto, Modu ya ce ko ganinsa ba ya so. Idan faifan ya motsa, abu na farko da za a nemo shi ne tarin. Idan bai motsa ba, Modu ne da kansa zai shiga ya faɗa wa Hajiya kafin Juma'a, kuma ba ya neman ɗan rakiya.

Addu'ar jinƙai a ajiye wa Malam, ita marigayiya ba ta buƙata. Ba za a yi zaman makoki ba. Wanda ya ga lallai sai ya zo ta'aziyya, ya tsaya a waje, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, kuma don Allah kada ya yi gyaran murya a zaure. Hajiya tana nan zaune a gindin bango tana saurare.