Ranar da Aka Ƙaddamar da Rana a Garinmu

Jama'a, ranar Talata na fita da niyyar kai 'yata Barakatu ɗakin shan magani, na ƙare a taron ƙaddamar da rana. E, ranar nan dai da kuka sani, wadda ke gasa mana ƙeya a gona.

Mura ce ta kama yarinyar ta sauka ƙirji, har numfashinta na yin fito. Uwarta Luba ta ce, "Malam, wannan ya wuce citta da lemon tsami." Na saɓa yarinyar a kafaɗa sai ɗakin maganin ƙauyenmu, nan bayan Doguwa. Ƙofa a garƙame. Malam Ubale mai ba da magani kuwa a filin makaranta na same shi yana jera kujeru.

"Yi haƙuri, babban baƙo ke tafe daga birni," in ji shi. "Ko na buɗe ma, kwalabe ne wayam. Amma ka jira, an ce da magani zai zo."

Na jira. Tun hantsi muke tsaye, sai bayan azahar Mai Girma Uban Lafiyar Talakawa ya fito daga mota mai sanyi, wani na riƙe masa lema har ya shige rumfa. Allah ya ja zamaninsa, bakin nan akwai zaƙi. Ya ce masana sun lura wanda sinadarin bitamin D ya yi ƙaranci a jikinsa, mura da ciwon ƙirji sun fi kayar da shi. Kuma jiki daga hasken rana yake samun sinadarin. Don haka gwamnati, cikin tausayinta, ta amince kowa ya riƙa shan rana kyauta.

Muka tafa. Wa ya isa ya ƙi?

Maƙwabcina Buba, makiyayi daga gefen Falgore, ya ɗaga sanda. "Ranka ya daɗe, ni tun ina ƙarami a rana nake wuni bayan shanu. To tarin nan da ya addabe ni fa?"

Mai Girma ya gyara hula ya ce, "Ba ka shan ta bisa tsari."

Buba ya raɗa mini, "Ashe da can satar ta nake yi."

Sai aka shigo da kwalin man kifi guda, aka ce shi ma cike yake da sinadarin. Aka nemi yaro marar lafiya, na kutsa da Barakatu, zuciyata fari tas. Mai Girma ya durƙusa ya ba ta cokali ɗaya, mai hoto ya ƙyasta. Na miƙa hannu a ba ni kwalbar, sai na ga an rufe kwalin an nufi bayan mota da shi.

"Gobe za a ƙaddamar da shi a Kiru, jibi Bebeji," in ji direba.

Yarinyar kuwa jikinta zafi zau, ta langaɓe a kafaɗata. Nan dariya ta ƙare mini. Dole sai asibiti, ga shi gidan mai ba ko ɗigon fetur, motocin haya duk sun kwanta. Buba ne ya tare wani mai motar akori-kura ɗauke da masara, ya roƙe shi saboda Allah. A kan buhuna muka isa asibitin Tudun Wada. Suka ce ciwon huhu ne, da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Allura suka yi ta yi mata. Yau Barakatu ta tashi, har tana kokawa da yayarta a kan ƙanzo. Alhamdu lillahi.

Ban ce maganar bitamin ƙarya ba ce, ban yi karatun da zan musa ba. Abin da na sani, mu rana ba ta taɓa yanke mana ba. Maganin ne ke yankewa.

Af, na ji an ce Mai Girma ma mura ta buge shi bayan zagayen nan. An garzaya da shi Ingila, inda ake wata guda ba a ga rana ba. Mu taya shi da addu'a, bawan Allah.